Ɗari da Sha Biyu, Kada a Taɓa

Duk faɗin unguwar Mamelodi babu wanda ya taɓa kiran Lesiba da Farfesa sai Lesiba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya buga a bayan riga, shi ya liƙa a gilashin tsohuwar motarsa da manyan haruffa: DJ FARFESA, KUNNE MAI AWO. Sana'arsa ta gaskiya sayar da tayoyin gwanjo ce a bakin titi, kuma ko a nan sai ka juya tayar da kyau kafin ka biya. Amma tun ranar da ya sayi wata tsohuwar kwamfuta mai manhajar haɗa kiɗa a ciki, ya daina yi wa kansa kallon mai taya. Sau biyu ya taɓa saka kiɗa a bainar jama'a. Na farko a walimar wata tsohuwa, aka ɗauke wuta bayan minti goma. Na biyu a wurin wankin mota, inda wuta ba ta yi laifin komai ba, mai wurin ne ya zare waya da hannunsa.

To, sai ga bikin Keneilwe, 'yar yayarsa Mosima.

Keneilwe ba ta nemi abu mai yawa ba. Ba ta damu da launin tanti ba, ba ta damu da hawa nawa kek zai yi ba. Abu ɗaya ta kafe a kai, shi ne ta shiga taron da muryar mahaifinta. Marigayi Mogale shi ne mai kaurin murya a ƙungiyar mawaƙan coci, idan ya buɗe baki har bencin da kake kai sai ya yi rawa. Watanni kaɗan kafin rasuwarsa, yana gugar farar rigarsa a tsakar gida, ya ƙirƙiro wata 'yar waƙa yana tsokanarta da ita: taka a hankali, 'yata, gidan ba ya gudu. Ta ɗauka a waya tana dariya. Minti ɗaya da rabi ne kacal, kuma shi kaɗai ya rage mata na muryarsa.

Wannan guntun muryar ta kai wa Bra Matome, wanda ya shekara ashirin yana saka kiɗan hawus, irin na rawar zamani, a bukukuwan unguwa. Matome ya yi makonni yana lallaɓa ta har ya ɗora ta a kan wani bugu mai sanyi. A kan wannan bugun maza sha biyu da mata sha biyu suka yi mako bakwai suna koyon takun shiga a tsakiyar layi kowace yamma, dama biyu, hagu biyu, juyi, tafi, ango Malose na tsakiya yana zufa yana ƙirga da leɓe.

Lesiba ya ji labari, ya taso ya sami yayarsa, wadda yake kira Sesi, a kicin tana yanka kabeji.

"Sesi, me na yi miki a duniya?"

"Ka fara daga wace shekara?"

"Ga Farfesa a cikin gida, ku je ku ɗauko Matome? Mutumin da na'urarsa ta girmi amarya?"

"Kai malome ne," in ji Mosima, ba ta ko ɗago kai ba. "Kawun amarya aikinsa uku. Ka tsaya a ƙofa ka tarbi surukai, ka yi magana gajera, a kawo maka kan san da aka yanka ka ci. Wanne ne ya fi ƙarfinka?"

"Kan sa haƙƙina ne, ko na yi kiɗa ko ban yi ba. Ni fasaha nake magana."

"Lesiba, idan na ga hannunka kusa da wayar lasifika ranar Asabar, da wannan wuƙar zan yi maka magana."

Da wani ne ya ji haka, da ya koma wajen tayoyinsa. Shi kuwa gogan, garejin Matome ya nufa, wai zai duba aikin ƙaramin ma'aikaci. Ya tarar da shi zaune a kan kwalin lemo, gabansa na'ura mai faifai biyu, hagu da dama, duk fentinta ya koɗe. A jikin filashin da waƙar ke ciki an liƙa 'yar takarda da rubutun biro: 112, 5A, KADA A TAƁA.

"Ɗari da sha biyu?" Lesiba ya kwashe da dariya. "Bra Matome, biki za a yi ko rakiyar gawa? Yanzu duniya tana ɗari da ashirin da shida."

"Duniya ta je. Mogale a ɗari da sha biyu ya rera, bugu ɗari da sha biyu a minti. Na ƙirga da agogo sau goma. Haka numfashinsa yake."

"Wannan biyar A ɗin kuma lambar gidanku ce?"

"Mazaunin muryarsa ne. Kowace waƙa da inda take zaune. Idan za ka haɗa biyu, ka nemi maƙwabciyarta, huɗu A ko shida A, ko biyar B. Ka ɗauko ta nesa ka ɗora, faɗa za su yi."

"Lambobi na kurame ne," in ji Lesiba, yana ɗaga kunnensa na dama da yatsa. "Ka ga wannan? Mota ta wuce ta gabana, daga ƙarar taya nake gaya maka iskar da ke ciki."

"Shi ya sa tayar da ka sayar mini ta fashe a hanyar Mabopane."

"Tuƙinka ne."

"Sauka lafiya, mai taya."

Wannan "mai taya" ɗin shi ya tsaya wa Lesiba a maƙoshi. Tun a hanya ya gama tsara komai. Keneilwe ta riga ta tura waƙar a zauren iyali na waya, don haka tana hannunsa. Yana kuma da wani bugu nasa da ya haɗa da kansa, mai ƙaho da jiniya da fiyano mai tsalle, ya sa masa suna Guguwar Mamelodi. Zai ɗora muryar Mogale a kan Guguwa, ya ɗaga ta zuwa ɗari da ashirin da shida, ranar biki ya saki abin a daidai lokacin da amarya ta sako kai. Ya hango matasa suna ihu, ya hango Matome yana tattara wayoyinsa a kunyace, ya hango Mosima tana kuka tana neman gafara, shi kuma yana cewa ba komai, Sesi, ba ki sani ba ne. A kwamfutarsa akwai wani maɓalli da idan ka danna, shi ke daidaita gudun waƙoƙi biyu da kansa. Lesiba ya daɗe yana danna shi har ya manta ba kunnensa ke aikin ba. Manhajar ta kuma rubuta masa 11B a gefen Guguwa da jan launi, ya ɗauka yabo ne.

Ranar Laraba ya gwada a bakin shagonsa, direbobin tasi uku na jiran a yi musu faci.

"Kashe, kashe!" in ji na farko. "Haƙorina ya fara tsami."

"Mutum biyu ne ke zage-zage a ciki?" in ji na biyu.

Na ukun kuwa ya tashi ya leƙa ƙarƙashin motarsa, yana zaton wani ƙarfe ne ya kwance.

"Ku direbobi ne," in ji Lesiba. "Kunnenku ya mutu da hon. Wannan kiɗan gobe ne, sai nan da shekara biyar za ku gane."

"To ajiye shi sai lokacin."

Ya rubuta wannan a ransa a matsayin hassada, ya kwafe Guguwa a filashinsa.

Asabar ta zo da rana mai dukan ƙeya. An toshe layi da farin tanti tun safe. Tukwane masu ƙafa uku suna ta tafasa a bayan gida, an yanka sa, an jera bokitan ruwan citta a bakin tanti an rufe da kyalle. Koko, mahaifiyar Mosima da Lesiba, tana kujerar gaba da bargonta a kafaɗa duk da zafin, sandarta a tsakanin gwiwoyi. Lesiba ya fito cikin kwat ruwan ƙasa, ƙarƙashinta kuwa rigar nan mai rubutu ce. Ya tarbi surukai da suka taso daga Polokwane a tasi huɗu, ya yi magana, ba gajera ba, amma an jure.

Wajen ƙarfe biyu aka ce amarya da ango sun shirya a bakin layi. Lesiba ya matsa kusa da teburin Matome, ya sha kunu irin na manya.

"Bra Matome, a-kori-kurarka ta tare hanyar motar amarya."

"Amarya da ƙafa za ta shigo."

"Surukai sun yi ƙorafi. Ni ne malome, ni ake kai wa ƙara. Minti biyu, ka kai ta ƙarshen layi ka dawo."

Matome ya dube shi, ya dubi na'urarsa. A biki ba a musu da kawun amarya, ko da kawun Lesiba ne. Ya ce, "Waƙar na faifan hagu, a shirye. Kada ka taɓa komai. Ko an ce a fara, ka ce a jira ni." Ya tafi da sauri. Yana kai motar ƙarshen layi, tasi huɗun nan na surukai suka juyo neman inuwa suka rufe shi ta baya, direbobin suka kulle suka tafi neman abinci. Wanda ya nuna musu inuwar ba sai an faɗa ba.

Lesiba ya cire kwat ya rataye, ya soka filashinsa a faifan dama, ya ɗora abin kunnen Matome a kai, ya ɗaga hannu.

"A fara!"

Ya danna hagu. Bugu mai sanyi ya fito, sannan muryar Mogale ta cika layin, mai kauri, mai natsuwa, kamar yana tsaye a bakin ƙofa da dutsen guga a hannu. Guɗa ta tashi. Gwaggwanni huɗu suka shige gaba da tsintsiyoyi suna share hanya suna rangaji. Bayansu 'yan taku ashirin da huɗu cikin shuɗi, dama biyu, hagu biyu, juyi, tafi, babu wanda ya kuskure. Can baya Keneilwe ce riƙe da hannun Malose, tana murmushi hawaye na zuba. Mosima ta toshe baki da gefen zane. Na rantse da a nan Lesiba ya naɗe hannu, da har yau ana cewa bikin ya fi na kowa a layin.

Sai ya sunkuya yana neman maɓallinsa.

Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ɗaga na'urar ya leƙa gindinta. Na'urar Matome ba ta san wannan maɓallin ba, an ƙera ta tun kafin a haife shi. Abin da ke akwai wani ɗan marfi ne da ake turawa gaba ko baya da yatsa, a ƙara gudu ko a rage, sauran aikin na kunne ne. Lesiba ya tuna abin da ke rubuce a bayan rigarsa, kuma mutane na kallon bayan. Ya saki Guguwar Mamelodi a kan muryar mamaci.

Abin da ya fito daga lasifika ba shi da suna. Bugu biyu suka kama kokawa, ɗaya na tafiya ɗaya na gudu, kamar an zuba takalma a injin wanki. Fiyanon Guguwa ya bi ta kan muryar Mogale ya karkace, duk wanda ke da haƙori ya ji a haƙorinsa. Layin maza ya bi sabon bugun, layin mata ya tsaya a tsohon. A juyi na gaba goshi shida suka haɗu da haɓa shida.

"Me ke faruwa?" in ji wata gwaggo.

"Salo ne!" Lesiba ya yi ihu. "Ku ci gaba, yanzu zai zauna!"

Ya tura marfin hagu gaba don Mogale ya kamo Guguwa. Akwai wani ɗan maɓalli a gefe da ke riƙe murya a mazauninta idan an ƙara gudu. Matome bai kunna shi ba, tunda bai yi niyyar ƙara komai ba, Lesiba kuwa bai san da zamansa ba. Gudu na hawa, murya na hawa. A ɗari da ashirin da shida Mogale ya koma saurayi. Lesiba ya zarce bai sani ba, don kunne mai awo ya ce masa da saura. A ɗari da arba'in Mogale ya koma mace. A ɗari da sittin, mutumin da ya shekara talatin yana girgiza bencin coci ya koma ɗan akuya da aka taka wa wutsiya, yana tsiwa da sauri-sauri wai a taka a hankali, gidan ba ya gudu.

Su kuwa 'yan taku mako bakwai aka yi ana horar da su cewa duk abin da ya faru kada su tsaya. Suka bi. Dama biyu, hagu biyu, juyi, tafi, duk a cikin numfashi ɗaya. Takalmin wata ya tashi sama ya sauka a farantin wani dattijo daga Polokwane. Gwaggwanni masu tsintsiya suka ga rundunar na tahowa a guje, suka daina shara suka ceci rai. Malose, da ma mai jiki ne kuma wandon an ɗinka shi daidai-wa-daida, ya buɗe ƙafa zai yi juyi, aka ji ƙarar yagewa har bayan tanti.

Koko ta buga sanda a ƙasa. "Akuyar wa aka bari ta shigo?"

"Ba akuya ba ce, Koko," in ji wata jikarta. "Baba Mogale ne."

"Mogale? Me ya same shi a can?"

Mosima ta taho tana ture kujeru. Lesiba ya hango ta, ya hango abin da ke hannunta, ludayin ƙarfe ne na tukunyar nama. Ya fizgo marfin baya gaba ɗaya har ya daki ƙarshe. Murya ta zube daga sama ta faɗa rijiya. Yanzu Mogale nishi yake kamar san da aka yanka da safe, kalma ɗaya sai ta yi tafiyar kwana. Na gaban layi suka ja birki, na baya ba su samu labari ba. Mutum ashirin da huɗu suka taru a wuri ɗaya, tarin ya gangara ya daki bokitan ruwan citta, guda uku suka kife, ruwan ya bi ƙarƙashin kujerun surukai. Uwar ango ta ɗage ƙafafu sama tana kiran sunan Yesu.

"Kashe shi!" Mosima ta daka tsawa.

"Ina kashewa, Sesi!"

Ya dafa maɓallai da tafin hannu biyu, duk wanda ya samu. Mogale ya yi shiru, Guguwa ta yi shiru. Sai ga wata murya ta fito tsaf, da amsa-kuwwa, wadda Lesiba ya ɗauka a banɗakin gidansa don ya saka a ƙarshe idan jama'a sun fara tafi: "Farfesa! Farfesa Lesiba ne a kan na'ura! Kunne mai awo!" Na'urar ta maƙale a nan, ta dinga maimaitawa. Sau bakwai ta faɗa, ko da akwai wanda bai gane mai aikin ba.

Matome ne ya zare wayar. Ya tsallako katangu biyu kafin ya iso, gwiwar wandonsa a yage, yana haki.

Tsit. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwan citta daga bakin tebur. Wayoyi kuwa sun fi hamsin a sama, duk suna kallon Lesiba. Ya cire abin kunne a hankali, ya gyara murya.

"Jama'a, matsalar na'ura ce. Tsohuwa ce. Na sha gaya masa."

Keneilwe ta saki hannun mijinta ta tako. Gefen farar rigarta ya jiƙe ya koma ruwan ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba, amma da yake babu mai motsi kowa ya ji.

"Malome, ban roƙe ka kuɗi ba, ban roƙe ka mota ba. Minti ɗaya da rabi nake da shi na babana. Na so ya raka ni daga bakin layi zuwa tanti, shi ke nan. Ka mayar mini da shi akuya a gaban surukaina."

Lesiba ya buɗe baki.

"Matsa, mai taya," in ji Matome.

Ya zare filashin Guguwa ya jefa masa a aljihun riga. Ya mayar da marfin tsakiya daidai, ya duba lamba, ya duba amarya. "Ƙanwata, ku koma bakin layi. Babanki na nan inda yake, babu abin da ya same shi." Aka ɗaura wa Malose bargo a ƙugu, aka nemo takalmin da ya tashi, gwaggwanni suka ɗauki tsintsiyoyinsu, biyu daga ciki suka bi ta gefen Lesiba suka share masa ƙafafu da gangan har ya ja baya ya fita daga tantin. Muryar Mogale ta dawo da kaurinta. Aka sake shiga, a hankali, dama biyu, hagu biyu, wasu na ɗingishi. An yi guɗa, an yi kuka, ya yi kyau. Sai dai shigar amarya ta farko ɗaya ce a duniya, kuma ita ce ta riga ta bar layin a cikin wayoyi hamsin kafin a gama ta biyun.

Da la'asar aka zauna cin abinci. Lesiba ya mayar da kwat ɗinsa ya ɓalle maɓallai har wuya, ya je ya zauna a teburin dattawa kamar ba shi ba. Babu wanda ya kore shi, babu wanda ya yi masa magana. Kafin a gama raba tuwon masara ya fara farfaɗowa.

"Ka san irin wannan haɗin," ya ce wa dattijon da takalmi ya faɗa wa a faranti, "a ƙasashen waje kuɗi ake biya a ji shi."

Dattijon ya matsar da kujerarsa.

Lesiba bai damu ba, don ya hango abin da yake jira. Duk abin da mutum ya yi, al'ada al'ada ce, kan sa na malome ne, kuma a gaban jama'a ake kawo shi. Ga Mosima nan tafe da babban tire a rufe, mata biyu na bin ta. Ya gyara zama, ya naɗe hannun kwat, ya zaro 'yar wuƙarsa. Tiren ya zo daidai shi, ya wuce shi, ya tafi har teburin na'ura, aka sauke a gaban Matome. Aka buɗe, tururi ya tashi.

"Sesi!" Lesiba ya miƙe. "Wannan haƙƙina ne! A tambayi dattawa!"

"An tambaye su," in ji Mosima. "Sun ce kan sa na wanda ya raka yarinya ne. Amma ba mu manta da kai ba."

Ta karɓi wani ƙaramin kwano daga hannun matar da ke bayanta, ta dire masa, ta ɗage murfin da kanta. Kunnuwan san ne guda biyu, an dafa su, an jera su gefe da gefe, ko miya babu.

"Ka haɗa da naka," ta ce. "Wataƙila huɗu su yi aikin."

Dariyar ta fara daga teburin surukai ta zagaye tanti har wajen masu wanke-wanke. Uwar ango ta yi ta dukan cinya. Malose na riƙe da bargonsa da hannu ɗaya yana share ido da ɗayan. Keneilwe ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ba ta ma dubi wajen ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Lesiba ya dubi ƙofa, ya ga gwaggwanni masu tsintsiya a zaune a bakinta. Ya koma ya zauna. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba saboda jiran kan nan. Ya ɗauki kunne ɗaya ya kai baki, ya hau tauna da sauri don a gama a wuce wurin, guringuntsi na ƙara a bakinsa.

Koko ta miƙo sandarta ta ƙwanƙwasa gefen kwanon.

"A hankali, ɗana," ta ce. "Ɗari da sha biyu."